Yadda Ake Hango Siffar Sabon Lilo Tun Kafin A Cire Shinge

Yawancin manyan wuraren wasa na arewacin Turai da Amurka suna da lokacin hutu. Da sanyi ya kankama, wajen watan Nuwamba, sai su kulle ƙofa har zuwa Maris ko Afrilu, kuma a wannan tsakani ne ake yin gine-gine. Sai dai aikin yakan fara nuna kansa tun kafin a rufe. Wata rana a wayi gari an zagaye wani lungu da shingen katako, an kwashe rumfar sayar da alawar da ke wurin, ga mutane sanye da hular kwano suna gwada ƙasa. Masu wurin ba za su ce uffan ba, don ɓoyon ma wani ɓangare ne na tallar. Masu sha'awar abin kuwa sai su shiga lissafi: wane inji ne ke tafe, na wane kamfani, da wane labari za a lulluɓe shi?

Yawancin waɗannan tambayoyi suna da amsa tun watanni kafin ranar buɗewa, in mutum ya san inda zai duba. Magana a nan a kan kafaffen lilo ce, wato injin wasan da ke ɗibar mutane ya juya su, ko ya yi shillo da su, ko ya ɗaga su ya sako, alhali gindinsa yana dashe wuri guda. Kofunan shayi masu juyawa, jirgin 'yan fashin teku mai kai da komo, kujerun sarƙa masu majaujawa, hasumiyar da ke sakin mutane daga ƙololuwa, duk danginsa ne. Ya fi jirgin hawa-da-gangara wuyar hangowa, domin shi jirgi ginshiƙansa da dogonsa suna tona masa asiri tun daga nesa. Kafaffen lilo fili kaɗan yake ci, cikin 'yan kwantenoni yake isowa, kuma cikin makonni an harhaɗa shi. Shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, ga shi kuwa in ya sami adon da ya dace, shi ke raya unguwa guda a cikin wurin wasa.

Injin na kasuwa ne

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, wurin wasa ba ya ƙera injinsa, saya yake yi. Masu ƙerawar kuma ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Akwai HUSS a birnin Bremen na Jamus, da Zierer da Gerstlauer da Mack su ma a Jamus. Akwai Zamperla kusa da Vicenza a Italiya, Mondial da KMG a Holan, Intamin mai hedikwata a Liechtenstein, sai Chance Rides a Wichita ta Amurka. Kowannensu yana da kundin hajarsa, da hoto da awo: faɗin filin da injin ke bukata, tsawonsa, yawan kujeru, wutar da yake ci. Mafi yawan wannan bayani yana nan a buɗe a shafukansu na intanet, kuma duk watan Nuwamba sukan baje sababbin kayansu a baje-kolin IAAPA da ake yi a Orlando. Wanda ya bi wannan baje-koli shekara biyu ko uku a jere ya riga ya ga kusan duk abin da za a kafa a wuraren wasa nan gaba kaɗan.

Akwai 'yan wuraren da ƙa'idar ke ɗan sauyawa. Iyalan Mack su ne masu Europa-Park da ke Rust tun daga 1975, kamfanin Zamperla kuma shi ke riƙe da Luna Park ta Coney Island a New York tun 2010, inda ya fara nuna injinsa mai suna Air Race. In shingen ya tashi a irin waɗannan wurare, kana iya sa ran ganin abin da ba a taɓa kafawa ko'ina ba. A sauran wurare kuwa, kusan kullum injin yana da 'yan'uwa a wasu ƙasashe.

To ina sabon abin yake? Yana cikin ado. Injin kamar bandirin shadda ne da mutum goma suka yanka a shago ɗaya, kowa ya kai wa telansa, ranar Sallah ka rantse ba yadi ɗaya ba ne. Kamfanin Disney ya fi kowa nuna haka. Lilon Dumbo da aka buɗe a Disneyland a 1955 ba komai ba ne illa cibiya mai juyawa da hannuwa masu hawa da sauka. Wannan tsarin dai shi ne a ƙarƙashin dardumar Aladdin da aka buɗe a Florida a 2001, shi ne kuma a ƙarƙashin rokokin Astro Orbiter. Haka nan injin da ke jan keke yana wurga shi gefe: a 2012 ya fito a California da siffar 'yan taraktoci a unguwar Cars Land, a 2018 ya fito a Florida da siffar jiragen baƙin halittu na fim ɗin Toy Story, a 2020 kuma ya ɓulla a Tokyo da siffar Baymax. Yaron da ya hau ukun ba zai yarda abu ɗaya ya hau ba.

Saboda haka ka raba tambayarka biyu tun farko. Tambayar inji daban, awo da kankare ke amsa ta. Tambayar ado daban, maƙwabta da tarihin wurin da aljihun masu shi ke amsa ta. Yawancin hasashen da ke shan ƙasa, cakuɗa biyun aka yi.

Fara da takarda

A ƙasashen da dokar gini ke da ƙarfi, ba a zuba kankare sai an nemi izini, kuma takardun neman izinin na jama'a ne. A Ingila ƙaramar hukumar yankin ce ke ɗora su a shafinta, kowa ya karanta. Misalin da ya fi kusa shi ne na Alton Towers da ke Staffordshire. A 2024 wurin ya shigar wa hukumar gundumar Staffordshire Moorlands takardun wani aiki da ya laƙaba wa suna Project Ocean, a unguwar Forbidden Valley. Zanen ya nuna wani dandamalin kankare mai tudu, da hanyar wucewa ta ƙarƙashinsa. Masu bibiya suka ɗauki awon suka gwada da kundin HUSS, suka ce wannan Top Spin ne, lilon HUSS mai wuntsila mahaya, tun ba a sanar da komai ba. A watan Maris na 2025 aka buɗe shi da sunan Toxicator, kuma Top Spin ɗin ne, irin wanda ƙafafun mahaya ke reto.

In ka sami irin waɗannan takardu, kada ka tsaya kan shafin farko. Zanen da aka yi daga sama yana ba ka faɗi da tsawon fili. Zanen gefe yana ba ka iyakar tsayin da injin zai kai in ya miƙe, kuma wannan lamba ita kaɗai tana kore rabin kundin. Rahoton ƙara, wanda ake yi domin mazauna ƙauyukan kusa, yakan faɗi ko ana sa ran ihun mahaya, da ko za a sa lasifika. Rahoton magudanar ruwa yakan fallasa tafki da famfunan feshi. Akwai kuma shafin da ke lissafa kayan gini da launin fenti, wanda mutane da yawa ke tsallakewa, alhali shi ne wuri na farko da ado ke leƙowa.

Ka san dokar da ta keɓanta da wurin. Alton Towers tana cikin harabar tsohon gidan sarauta mai tarihi, kuma ba a yarda gini ya zarce kan itatuwa ba. Dalilin ke nan da ya sa a 1994 aka fasa dutse aka haƙa rami aka dasa jirgin Nemesis a ciki. Duk wanda ya ce maka za a kafa hasumiya mai mita 60 ko 70 a can, bai san wurin ba.

Sunan ɓoye kuwa kada ya ɗauke maka hankali. Project Ocean bai haifi labarin teku ba, labarin guba ya haifa. A Thorpe Park ma aikin da aka kira Project Exodus ya ƙare da suna Hyperia a 2024. Sunan gaskiya a ofishin rajistar tambari yake fara bayyana, domin kamfani yakan yi wa suna rajista watanni kafin ya buga shi a riga da kofi. Ofisoshin rajista na Birtaniya da Tarayyar Turai da Amurka duk ana iya bincika su kyauta. Sai dai kamfanoni sukan yi rajistar sunaye fiye da waɗanda za su yi amfani da su, don haka suna shi kaɗai ba hujja ba ne sai ya dace da abin da ƙasa ke nunawa.

Karanta kankare

Nan ne aikin ya fi daɗi, kuma nan ne ba a iya yi maka ƙarya. Kowane irin inji yana da sawun da yake bari a ƙasa tun kafin ya iso, domin harsashin dole ya dace da yadda nauyi zai riƙa dukan ƙasa.

In ka ga faffaɗan da'ira da rami ko tudun kankare a tsakiya, da bututun waya yana fitowa daga cibiyar, abin juyawa ne: kofuna, ko kujerun sarƙa, ko dangin Dumbo. Kofunan shayi sukan bukaci rami marar zurfi da ya game da'irar duka, domin akwai babban faranti da ƙananan faranta a kansa, kuma motoci da tayoyin da ke juya su a ƙasa suke ɓoye. Na Disneyland ƙananan faranta uku ne, kowanne da kofi 6, jimla 18.

In ka ga manyan tubalan kankare huɗu a kusurwoyi, da kwari a tsakaninsu, abin shillo ne. Ƙafafu huɗun za su haɗu a sama su riƙe sandar da ke reto. Girman tazarar da ke tsakanin tubalan shi zai gaya maka ko ƙaramin jirgin 'yan fashi ne, ko kuwa katafaren faifai irin maXair na Cedar Point, wanda aka buɗe a 2005 yana ɗaukar mutum 50. Irin wannan babba yana bukatar daɓen da ke janyewa ƙasa kafin ya fara motsi, saboda haka za ka ga rami mai kyau a ƙarƙashinsa.

Tubala biyu masu kauri, ɗaya hagu ɗaya dama, da fili mai kusurwa huɗu a tsakani, wannan sawun Top Spin ne da makamantansa: hannuwa biyu riƙe da doguwar kujera mai wuntsilawa. Harsashi guda ɗaya tak, mai zurfi, cike da rodi, da zoben manyan notuna a samansa, hasumiya ce. Doguwar shimfiɗa siririya kuwa ta Disk'O ce ta Zamperla, wadda faifanta ke juyawa yana zarya a kan ɗan guntun dogo mai lanƙwasa.

Bayan siffar harsashi, dubi abin da ake binnewa. Bututun ruwa masu kauri da ɗakin famfo suna nufin feshi. Siririn bututun gas yana nufin wuta. Bututun waya masu yawa da ke bazuwa har cikin inda layi zai bi suna nufin fitilu da lasifika da allunan bidiyo, wato an ware kuɗin ado na gaske. In kuwa ba ka ga harsashi ba sam, sai daɓe shafaffe kawai da akwatin wuta a gefe, to injin tafi-da-gidanka ne irin na 'yan kasuwar baje-koli, mai hawa kan tirela. Irinsa yakan zo da fitilunsa da zanensa tun daga masana'anta, kuma ba kasafai ake ɓata kuɗi wajen yi masa labari ba, don mai yiwuwa haya aka ɗauko shi na shekara ɗaya ko biyu.

Wa ake so ya hau

Wurin wasa ba ya sayen inji don sha'awa, giɓi yake cikewa. Zauna ka lissafa abin da wurin ke da shi: me yaro mai tsawon mita ɗaya zai iya hawa, me iyali za su hau tare, me ya rage wa matasa masu son tashin hankali, waɗanda a Alton Towers sai sun kai mita 1.4 ake barinsu su hau irin su Nemesis. Inda ka ga rami a wannan jeri, can sabon injin zai faɗa. Dubi kuma abin da aka cire a shekarun baya. Filin da Toxicator ke kai a yau, wani Top Spin ne mai suna Ripsaw ya zauna a kansa daga 1997 zuwa 2015, kuma mutane ba su daina kewarsa ba. Masu wurin suna jin irin wannan koke.

Sai lissafin layi. Kafaffen lilo ba ya ɗibar mutane yana tafiya, sai ya tsaya cak a sauke a ɗora. Ɗauki inji mai kujera 38. In juyin minti 2 ne, saukewa da ɗorawa da duba maƙallai kuma minti 3, zagaye 12 ke nan a awa, mutum 456 in kowace kujera ta cika. Babban jirgin hawa-da-gangara yana iya ninka wannan. Shi ya sa manyan wurare masu cunkoso ke sayen inji mai kujeru da yawa, ko su kafa biyu gefe da gefe. Haka Disney ta yi wa Dumbo a Florida a 2012: ta mai da shi tagwaye, ta gina rumfar wasa mai sanyi inda yara ke guje-guje har a kira su, maimakon tsayuwa a rana. In ka ga da'ira biyu iri ɗaya a bayan shinge, ka san abin da ake nufi. Tsawon layin da aka zana ma yana magana. Layi gajere, ba a sa ran cunkoso. Layi mai lanƙwasa da rufi da ɗaki a ƙarshensa, akwai labarin da za a ba ka kafin ka zauna.

Daga ina labarin zai fito

Mafi yawan lokaci daga maƙwabta. Wuraren wasa a rabe suke unguwa-unguwa, kowace da launinta da kiɗanta da irin gininta, kuma sabon inji dole ya yi magana da harshen unguwarsa. Forbidden Valley tana da labari tun 1994: wata dabba daga wata duniya da aka tono a ƙarƙashin ƙasa, aka ɗaure ta da ƙarfe. Da aka sabunta jirgin Nemesis da ke unguwar a 2024 da sunan Nemesis Reborn, aka ƙara fito da wata ƙungiyar sirri mai suna Phalanx da ke tsaron dabbar, aka cika unguwar da kayan soja da baƙin ƙarfe. Duk wanda ya ga wannan ya san injin da zai biyo baya ba zai zo da furanni ba. Abin da ya fito kuwa na'ura ce ta Phalanx da ke wujijjiga yawun dabbar don tace guba, da koren launi da famfunan feshi a ƙasa. Abin da ya burge ni a nan shi ne, labarin daga motsin injin aka ciro shi. Top Spin wujijjigawa yake yi, sai aka nemi dalilin da zai sa a wujijjiga mutum.

Wannan shi ne ma'aunin da nake so mai karatu ya riƙe, ko yana hasashe ko yana yanke hukunci bayan an buɗe. Tambayi kanka: me injin ke yi wa jiki? In shillo ne, labarin igiyar ruwa ko guguwa ko lauje zai zauna masa. In faɗowa ne, rijiya ko ramin haƙar ma'adinai ko lif da igiyarsa ta tsinke. In juyi ne a hankali yana hawa da sauka, tsuntsu ko jirgin sama ko balan-balan. Mai zane na ƙwarai daga nan yake farawa. Wanda ya manna hoton jarumin fim a jikin allo ya sa wa injin sunansa, bai yi ado ba, talla ya yi.

Wata hanyar kuma ita ce fim ko zanen yara da kamfanin ya mallaka ko ya yi hayar sunansa. Wannan yana jawo jama'a da sauri, amma yana da wa'adi. A 2002 Kings Island ta jihar Ohio ta buɗe Tomb Raider: The Ride, wani katafaren Top Spin a cikin rufaffen gini, da gunki da hayaƙi da hasken narkakken dutse. A 2006 aka sayar da wuraren wasan Paramount, har da Kings Island, ga kamfanin Cedar Fair. Zuwa 2008 an cire sunan fim ɗin, an koma kiransa The Crypt, an kwashe yawancin abin da ke ba shi rai, a 2011 kuma aka rufe shi. Injin dai shi ne, amma da labarin ya tafi mutane suka bi shi. Saboda haka in kana hasashen za a ɗora wani fim a kan sabon inji, bincika wa ke da haƙƙin fim ɗin da kuma dangantakarsa da masu wurin.

Wani lokaci ma ba sabon inji ba ne, tsoho ne aka sauya wa kama. A Disney California Adventure an ɗauke Flik's Flyers daga unguwar ƙwari aka mai da shi Inside Out Emotional Whirlwind a 2019. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Efteling a Holan. Tun 1988 akwai lilon kofuna a can mai suna Monsieur Cannibale, inda yara ke zama cikin tukwane a ƙarƙashin wani ƙaton mutum-mutumi da aka zana da siffar Ba'afirke mai cin naman mutane. Shekara da shekaru ana kuka da wannan cin mutunci kafin a saurara. A 2022 injin nan dai ya dawo da suna Sirocco, tukwanen sun zama jiragen fatake da guguwa ke juyawa a labarin Sinbad, kusa da jirgin Vogel Rok wanda dama daga tatsuniyar ya samo asali. Ado ba abin wasa ba ne. Yaran da suka hau na farkon sun tafi gida da wani hoto na baƙar fata a kansu, kuma wani ne ya zauna ya zana shi.

Inda ado ke iya zama

Masu hasashe sukan yi mafarkin a lulluɓe injin duka da duwatsu da fukafukai. Ba ya yiwuwa, kuma dalilin na tsaro ne. Kowane kilo da aka ƙara a kan hannu mai juyawa yana sauya lissafin injiniya, don haka ba a ɗora komai sai da yardar maƙerin. Abin da ake ɗorawa ɓawon faiba ne marar nauyi, da fenti. Akwai kuma iyakar da aka shata kewaye da mahayi, wadda ba a yarda wani abu ya shigo cikinta ba, ko da ya miƙa hannu ko ƙafa iya ƙarfinsa. Sannan masu duba lafiyar inji dole su iya kaiwa ga kowace walda da kowane noti da boris. A Turai ƙa'idar EN 13814 ake bi, a Amurka ta ASTM, kuma hukumomi irin su TÜV a Jamus da tsarin ADIPS a Birtaniya ba za su sa hannu a kan abin da ba su iya gani ba. Adon da ya rufe walda dole ya zama mai kwancewa.

Shi ya sa kaso mafi tsoka na ado yana kan abin da ba ya motsi: bangon baya, daɓe, shinge, ɗakin mai sarrafa injin, ƙofar shiga da layi. Duwatsun da kake gani siminti ne da aka fesa a kan ragar ƙarfe, aka sassaƙa shi tun yana ɗanye, aka bi shi da fenti hawa-hawa har ya yi kamar ya shekara ɗari. In ka hango ana ɗaura irin wannan raga a bayan shinge, ka san za a yi abin kirki.

Wanda ya fi kowa iya wannan, a ganina, shi ne Phantasialand da ke Brühl kusa da Cologne, da lilonsu Talocan na 2007. Injin irin na Toxicator ne, kujeru jeri biyu baya-da-baya. Sai suka nutsar da shi a cikin wani tsakar gida mai dogayen bangaye na tsohon wurin bautar mutanen Meziko na da, da saiwoyi suna bin jikin dutse. Jeri ɗaya yana fuskantar bangon, har mahayi ya ga kamar zai goge shi da fuska. Ɗaya jerin yana fuskantar 'yan kallo. Ruwa yana tashi daga ƙasa, wuta tana bulbulowa har zafinta ya daki fuskar wanda ke tsaye a baranda, kiɗa kuma yana tafiya daidai da kowace wuntsilawa. Sun gane cewa a kowane lokaci masu kallon kafaffen lilo sun fi mahayansa yawa, uwa da kaka da ƙanin da tsawonsa bai kai ba, sai suka gina musu wurin tsayuwa suka mai da abin wasan kwaikwayo. Don haka in kana duban zane, nemi inda aka tanadar wa 'yan kallo. Dandamalin Toxicator mai tudu da hanyar da ta bi ta ƙarƙashinsa wannan tunanin ne.

Akwai kuma inda ado ke haɗiye injin gaba ɗaya. A Villa Volta ta Efteling, ta 1996, da Hex ta Alton Towers, ta 2000, mutane suna zama a benci cikin ɗaki. Bencin kaɗan yake shillo, kimanin digiri 15 kowane gefe, amma ɗakin da kansa ganga ce da ke juyawa kewaye da su, sai ido ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa an kifa su. Kamfanin Vekoma na Holan ne ya ƙera duka biyun. In ka ga ana gina dogon ɗaki marar taga da ƙananan ɗakuna biyu a gabansa, ka sa irin wannan cikin lissafinka.

Makonnin ƙarshe

Ranar da manyan motoci suka fara sauke kaya, tambayar inji ta ƙare. Sassan sukan zo da fentinsu daga masana'anta, wani lokaci da takardar kamfani manne a jiki. Launin nan na farko yana gaya maka rabin labarin. Motar ƙugiya za ta ɗora ginshiƙai, sai hannuwa, sai kujeru a ƙarshe. Daga nan masu ado su karɓi fili, kuma su ne kullum ke aiki cikin ƙurewar lokaci, don duk jinkirin da magina suka yi a kansu yake ƙarewa. In ka ga saura mako uku a buɗe ba a fara bangon baya ba, ka rage tsammani, mai yiwuwa a buɗe da rabin ado a ƙarasa daga baya.

Gwaji yana farawa da kujeru wayam, sannan a ɗaura gumakan roba cike da ruwa masu nauyin mutum, a yi ta juya su kwana da kwanaki. A wannan lokaci ne ake tsara juyin kansa. Inji irin Top Spin yana da birkin da ke kama kujera ya sake ta, kuma yadda aka jera kamawa da sakewa a kwamfuta shi ke sa juyi ya yi zafi ko ya yi laushi. Wuri biyu masu inji iri ɗaya suna iya ba ka abu biyu mabambanta. Ka ƙirga sakan nawa juyin ke ɗauka daga tashi zuwa tsayawa, ka ƙirga wuntsilawa, ka saurari kiɗan da ke tsallako shinge. Wurare da dama a Turai kamfanin IMAscore na Paderborn suke ba aikin kiɗa, kuma in an tsara shi tare da juyin za ka ji ganga tana faɗuwa daidai lokacin da kujera ta kife.

Abin da ka gani a gwaji ba lallai shi za a ba jama'a ba. In layi ya yi tsawo a makonnin farko, akan gajarta juyi don a ƙara yawan zagaye. Famfunan feshi suna da na'urar auna iska da ke rage su ko ta kashe su in iska ta taso, kuma a ranakun sanyi akan sassauta su don kada a jiƙa mutane. Wuta tana cin gas kullum, ruwa mai sinadari yana cin ƙarfe, rana tana cin fenti, jan launi ma ya fi saurin kodewa. Saboda haka in za ka rubuta hukuncinka a kan sabon lilo, ka je a watan farko ka ga abin da mai zane ya nufa, sannan ka koma a shekara ta biyu ka duba ko wutar tana tashi, ko duk famfunan suna feshi, ko lasifikan layi suna aiki, da ko an sake shafa fenti a wuraren da hannuwan masu jira suka goge.